Layi na Ɗari Biyu da Sha Uku

Ƙarfe biyun dare a asibitin Polonnaruwa,
fanka na juyi kamar mai neman abin da ta yar.
Littafina a buɗe, shayi ya huce,
saura wata huɗu in kare kundin digiri na biyu
a gaban mutum uku masu tabarau da jan biro.

Sai keke mai ƙafa uku ya ci burki a ƙofa.
Aka sauko da Gunadasa, manomin shinkafa,
laka har gwiwa, gumi kamar an tsamo shi a rijiya,
yawu na dalala, ƙwayar ido ta tsuke
ta koma kan allura.
Warin maganin ƙwari ya riga shi shiga ɗaki.

Ƙaninsa ya cafki hannun rigata:
"Likita, ku wanke masa ciki!"
Sista Premawathi har ta jawo bokiti
da doguwar robar da ta girme ni a aiki.
Shekara talatin tana wankin ciki.
Ta haddace sunayen waɗanda suka tashi,
waɗanda ruwan ya bi musu ta huhu kuwa
ba wanda ya taɓa cewa ta ƙirga su.

Na ce, Sista, ajiye bokitin.
Muryar ta fito ƙarama, kamar ta aro.
Ta yi mini kallon da uwa ke yi wa ɗiyar
da ta zo koya mata dafa shinkafa.

Numfashi tukuna. Na kwantar da shi ta gefe,
iska a hanci, atirofin a jijiya,
in saurari ƙirji, in ƙara, in sake saurare.
Huhun na ɓararraka kamar tukunya a murhu.
Takardu sittin na karanta kafin daren nan,
na mutanen da suka ƙirga mai rai da gawa
ba su tsallake wanda ya ɓata musu lissafi ba.
Su nake bi yanzu, da kunne, da yatsa a wuyan hannu.

Gab da wayewar gari ƙirjin ya bushe.
Hankaki suka fara gardama a kan rufin kwano.
Sista ta dire mini sabon shayi, ba ta ce uffan ba,
ta zuba sukari fiye da yadda nake sha.

Na kira Farfesa Ekanayake, murya na rawa.
Ya ce, "Nadeeka, mutum ɗaya ba hujja ba ne.
Sa shi a layi."
Na ji zafi, amma gaskiyarsa.
Makon jiya na yi wa yarinyar layi na ɗari biyu da tara
duk wannan, babu kuskure ko ɗaya,
ba ta ga safiya ba.
'Yan kunnenta na nan a ambulan cikin aljihun tebur,
uwar ta kasa dawowa ta karɓa.

Na buɗe kwamfuta na rubuta:
namiji, shekara arba'in da shida,
awa biyu kafin isowa, ba a wanke ciki ba.
Sakamako: ya rayu.
Babu gurbin bashin taki da ya hana shi barci,
babu na giwayen da suka tattake gonar a dare guda,
balle na abin da ya faɗa wa bango ranar da ya farka.
Na ja kujera gefen gadonsa na saurari wannan ma,
babu biro a hannuna.

Bayan wata biyu ya dawo da ƙafarsa,
da kwakwa uku a tsohon buhun taki,
yana tambayar wadda ta tsaya a kansa.
Sista ta nuna ni da haɓa: "Ga ta can, tana ƙirga."

Bokitin dai bai bar lungu ba.
Wani daren, in ba na nan,
ban san hannun wa zai kai gare shi ba.
Na fasa kwakwa ɗaya, muka raba da masu shara,
na koma babi na huɗu.